Numfashin karɓa-karɓa: dabara ɗaya, hujjoji masu sauyawa

Wani abokin aiki, mushen kimiyyar rai a wata lise ta Damagaram, ya ara mini wani tsohon littafi na faransanci da ya tsinta wajen masu sayar da littattafan gwanjo a Yamai. Bangonsa ya sha hannu, gefen shafukansa cike da rubutun wani mai karatu da ba mu sani ba. Sunan littafin Pranayama, la dynamique du souffle, na André Van Lysebeth, mutumin Beljik, wanda aka fara bugawa a 1971. Ba don hira ya ba ni shi ba. A ƙungiyarsu ta malamai wani ya kawo shawarar a koya wa ƴan ajin bak wata dabarar numfashi da za ta rage musu fargaba ranar jarrabawa, an kuwa rabu biyu: wasu sun ce kimiyya ce tsantsa, wasu sun ce bautar Indiyawa ce aka sake wa suna. «Malam, karanta ka faɗa mini wa ke da gaskiya,» in ji shi. Na karanta, na nemi wasu littattafan na haɗa, na kuma gwada abin da kaina wata uku. Abin da na samu bai yi wa ko ɗaya daga ɓangarorin biyu daɗi sosai ba.

Ga dabarar, don wanda bai taɓa ganinta ba. Mutum ya zauna, bayansa a miƙe. Ya ɗaga hannun dama zuwa fuska, ya danne kafar hancin dama da babban yatsa, ya shaƙi iska a hankali ta kafar hagu. In huhu ya cika, sai ya rufe hagu da yatsan zobe, ya saki dama, ya fitar da iskar ta nan. Ta wannan kafar daman zai sake shaƙa, sannan ya rufe ta ya fitar ta hagu. Zagaye ɗaya ke nan, sai a maimaita. Ƙa'idar guda ce: kafar da ta fitar ita ke shigarwa, sannan a sauya. A harshen Sanskirit ana kiranta nadi shodana, watau tsarkake hanyoyi, yau kuma a Indiya an fi saninta da anulom bilom. Makarantu sun saɓa kan inda za a ajiye manuniya da yatsan tsakiya. B. K. S. Iyengar, wanda ya rubuta babban littafinsa na numfashi a 1981, yana lanƙwashe su cikin tafin hannu. Almajiran makarantar Bihar suna ɗora su tsakanin gira biyu. Ban ga abin da wannan saɓani ya ƙara ko ya rage ba, sai dai yana nuna cewa ko a gida ba baki ɗaya ake magana ba. Da Hausa na zaɓi in kira ta numfashin karɓa-karɓa, tun da yake kafofin biyu karɓar juna suke yi.

Abin da ya ja hankalina shi ne wannan: motsin yatsun bai sauya ba tun fiye da shekara 500, amma dalilin da ake bayarwa na yin sa yana sauyawa da kowane zamani, kuma kowane marubuci yana aro hujjar da mutanen lokacinsa suka fi girmamawa. Garin wannan sauyi an zubar da wani abu a hanya, an kuma tsinci wani. Wanda zai kai dabarar gaban yara ya kamata ya san mene ne aka zubar.

Mu koma ga Hatha Yoga Pradipika, littafin da Swatmarama ya haɗa a ƙarni na 15, mai babi 4, wanda shi ne mafi shahara cikin tsofaffin littattafan wannan fanni. Ba shi ya ƙago dabarar ba, daga littattafan da suka gabace shi ya tattaro ta. Yana da kyau a lura cewa Patanjali, wanda ake ɗauka uban yoga, da ya rayu kimanin shekara 1000 kafin nan, ƴan jumloli kaɗan ya yi kan sarrafa numfashi, bai kuma yi zancen sauya kafar hanci ba. A wurin Swatmarama jikin ɗan Adam cike yake da hanyoyi ɓoyayyu, 72.000, waɗanda ƙarfin rai da ake kira prana ke bi. Uku ne manyansu. Ida tana ƙarewa a kafar hagu, ita ce ta wata, mai sanyi. Pingala tana ƙarewa a kafar dama, ita ce ta rana, mai zafi. Tsakaninsu akwai sushumna, wadda ke bin gadon baya, a toshe take ga yawancin mutane. Muddin hanyoyin suna da dauɗa, prana ba zai shiga ta tsakiyar ba. Muddin kuwa bai shiga ba, numfashi yana kai da kawowa, tunani ma yana biye da shi yana kai da kawowa. Sauya kafar hanci share fage ne kawai, irin sassabe kafin shuka. Abin da ake nufa a ƙarshe shi ne numfashin ya tsaya da kansa, tunani ya tsaya tare da shi, mutum ya kuɓuta daga mutuwa da sake haihuwa, bisa ga aƙidar masu wannan hanya.

A nan ne mai karatu na yau zai yi mamaki. A cikin tsohon littafin, zuciyar aikin ba shaƙa ba ce, ba kuma fitarwa ba ce, riƙewa ce. Bayan an shaƙa ta hagu sai a tsare iskar a ciki iyakar ƙarfin mutum kafin a sake ta ta dama. Sau huɗu ake zama a yini: da asuba, da tsakar rana, da maraice, da tsakar dare, ana ƙarawa sannu a hankali har riƙewar ta kai 80, wanda masu sharhi suka fahimta a matsayin 80 a kowane zama, 320 ke nan a kwana ɗaya. Wata uku ake ɗiba kafin a ce hanyoyin sun tsarkaka. An faɗi alamomin ci gaba: da farko gumi, wanda ake shafe jiki da shi, daga baya makyarkyata. An tsara abinci, madara da man shanu ga mai farawa. An ma kwatanta irin bukkar da ya kamata mutum ya keɓe a cikinta, a ƙasa mai zaman lafiya da wadatar abinci. Wani littafin da ya biyo baya, Gheranda Samhita, na wajajen 1700, ya sa lissafi: ƙirga 16 wajen shaƙa, 64 wajen riƙewa, 32 wajen fitarwa, kuma da maimaita wasu harufa masu tsarki a wurinsu ake yin ƙirgar. Duk wanda ya gwada riƙe numfashi tsawon ƙirga 64 bayan ya yi hakan sau goma a jere zai gane cewa wannan ba hutawa ba ce. Aikin mutumin da ya bar gona da kasuwa ne.

Swatmarama ya san haɗarin abin da yake koyarwa, kuma bai ɓoye ba. Ya kwatanta numfashi da zaki da giwa da damisa, dabbobin da sai a hankali ake horar da su, in an yi gaggawa su hallaka mai horon. Ya lissafa abin da kuskure ke jawowa: shaƙuwa, fuka, tari, ciwon kai da na kunne da na ido. Ya gindaya sharaɗin malami. Ban yarda da taswirar jikin da ya zana ba, babu wuƙar likitan da ta taɓa cin karo da ida ko pingala, kuma alkawarinsa na cewa aikin yana kawar da dukan cututtuka ya wuce gona da iri. Duk da haka, cikin littattafan da na karanta, nasa ne ya fi daidaita tsakanin alkawari da farashi. Ya yi babban alkawari, ya nemi rayuwar mutum gaba ɗaya a madadinsa, ya kuma yi gargaɗi. Mai karatu yana iya ƙin cinikin, amma ba zai ce an rufe masa ido ba.

Tsakanin wannan littafi da wanda abokina ya ara mini akwai mulkin Ingila a Indiya da abin da ya haifar. Masu ilimin Indiya na farkon ƙarni na 20 sun so su nuna wa Turawa, da ma ƴan bokon ƙasarsu, cewa gadon kakanninsu ba tsafi ba ne. A 1924 Swami Kubalayananda ya kafa cibiyar Kaibalyadama a Lonabla, tsakanin Bombay da Puna, inda aka shiga auna masu yoga da na'urorin asibiti. A Rishikesh kuma akwai Swami Shibananda, wanda shi kansa likita ne kafin ya bar duniya, yana watsa koyarwarsa da ingilishi ta hanyar ƙananan littattafai da wasiƙu. Ta wasiƙa Van Lysebeth ya fara karatu wurinsa, bai sadu da shi ido da ido ba sai a 1963, shekarar da malamin ya rasu. Daga nan ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗa yoga a ƙasashen da ake jin faransanci, har ya rasu a 2004.

A ba shi haƙƙinsa: gwanin koyarwa ne. Yana bayani kamar mutumin da ya tsaya gaban ɗalibai ya ga inda suke tuntuɓe. Bai jefar da riƙe numfashi ba kamar yadda na bayansa suka yi, yana kai mai karatu gare shi mataki-mataki, yana ja masa kunne. Malamin da ke neman misalin yadda ake rubuta abin da hannu da jiki ke yi, ta yadda wanda ba ya ganinka zai iya bi, zai ƙaru da shi ko da bai damu da yoga ba. Inda na rabu da shi shi ne wajen hujja. Mai karatunsa Bature ne na shekarun 1970, wanda ba zai karɓi zancen hanyoyi 72.000 haka kawai ba, don haka sai ya nemo wa prana wani gida a cikin kimiyya. Ya same shi a lantarkin iska, a ƙwayoyin nan da masana ke kira iyon, musamman waɗanda suka fi yawa a bakin teku da kan duwatsu, suka yi ƙaranci a ɗakunan birni. Ƙwayoyin suna nan, ana auna su. Amma daga «akwai su» zuwa «su ne abin da tsofaffin yogi ke nufi» akwai rami mai faɗi, kuma da zaƙin baki ya tsallake shi. A ganina ya yi wa ɓangarori biyu rashin adalci a lokaci ɗaya. Ya rage wa Swatmarama tsawo, domin pranan da ke buɗe ƙofar kuɓuta daga mutuwa ba abin da ake kamawa da na'ura ba ne. Ya kuma ɗora wa kimiyya kayan da ba ta ce za ta ɗauka ba. Wannan shi ne aron riga: ga mai kallo daga nesa ta yi kyau, amma ba a jikin mai ita aka ɗinka ta ba. Na lura mai littafin na farko, wanda ya yi rubutu a gefen shafi, nan ne ya fi ja layi. Hujjar da ta fi rauni ita ta fi burge shi, kuma ina jin ba shi kaɗai ba ne.

Bayan Van Lysebeth abin ya bar littafi ya shiga telbijin. Tun farkon shekarun 2000 Baba Ramdeb ya riƙa koya wa miliyoyin Indiyawa anulom bilom da sassafe ta allon gidajensu, tare da dogon jerin cututtukan da ya ce numfashi na warkarwa. Shi ne kuma wanda a 2024 kotun ƙoli ta Indiya ta sa shi da abokin kasuwancinsa suka nemi gafara a bainar jama'a, saboda tallan magungunan kamfaninsu da ke yaudarar marasa lafiya. A Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da 21 ga Yuni ranar yoga ta duniya, bisa ga buƙatar gwamnatin Indiya. A 2017 Hillary Clinton ta ba da labarin cewa wannan numfashi na cikin abubuwan da suka taimake ta bayan faɗuwarta a zaɓen Amurka na 2016, har ta gwada shi a gaban kamarar CNN. Sai a 2020 ɗan jaridar Amurka James Nestor ya fitar da littafinsa Breath, wanda aka fassara cikin harsuna da dama, har da faransanci. Littafi ne mai daɗin karatu, kuma babinsa kan illar numfashi ta baki, inda ya toshe hancinsa kwana 10 a ƙarƙashin kulawar wani likitan Stanford, yana da amfani. Amma da ya zo kan kafofin hanci sai ya kwatanta ta dama da totur, ta hagu da birki, ya haɗa kowace da ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ɗaya gefen, ya kafa hujja da ƙananan bincike, ciki har da labarin majinyaciya guda ɗaya. Rana da wata na Swatmarama ne suka dawo, sun zama kayan mota. A wannan zubin babu bukka, babu malami, babu riƙewa, babu zaki da giwa. Minti biyar ne kafin taro ko kafin barci. Alkawarin bai ragu sosai ba, farashin ne ya ɓace.

To mene ne gaskiyar da ke ƙarƙashin duk wannan? Akwai ta, kuma yogin da suka gano ta sun cancanci yabo. Mai karatu ya sa bayan hannunsa a ƙarƙashin hanci yanzu ya fitar da iska: da wuya bai ji kafa ɗaya ta fi ɗaya buɗewa ba. In ya sake gwadawa bayan awa biyu ko uku, sau da yawa zai tarar sun yi musanya. A cikin hanci akwai tsoka mai cike da hanyoyin jini, wadda ke kumbura a gefe ɗaya tana saɓewa a ɗayan, kuma jijiyoyin da ba sa jiran umurnin mutum ne ke juya ta. Likitan Jamus Richard Kayser ya bayyana wannan a 1895, amma littattafan Indiya irin su Shiba Swarodaya sun riga shi da ƙarnoni, har sun gina duba a kansa: wace kafa ke gudana lokacin da za a yi tafiya, ko a shiga yaƙi, ko a ga sarki. Sun kuma san yadda ake sauya ta da gangan. In mutum ya kwanta a gefen hagu, kafar dama ke buɗewa. In ya tokare hammata da sanda, kafar ɗaya gefen ke buɗewa. Likitoci sun gwada, sun tarar haka ne. Wannan lura ce ta mutanen da suka zauna shiru suna sauraron jikinsu shekara da shekaru, kuma ita ce, a wurina, abin da ya fi kyau a duk labarin.

Sai dai lura daban, fassarar lura daban. Kafofin biyu suna haɗuwa a bayan hanci, tun kafin maƙogwaro, don haka iskar da ta shiga ta hagu ba huhun hagu take nufa ba, balle ta je ta wanke wani ɓangare na ƙwaƙwalwa. Zancen cewa dabarar tana cika jini da oksijan shi ma ba ya tsayawa, domin jinin mai lafiya da ke zaune ya riga ya ɗauki kashi 95 ko fiye cikin 100 na abin da zai iya ɗauka. Jirin da wasu ke ji su ɗauka alamar buɗi ce, yawanci alamar sun yi gaggawa ne, sun fitar da iskar kabon fiye da kima. Batun alaƙar kowace kafa da rabin ƙwaƙwalwa kuwa ya samo ƙarfinsa daga wani ƙaramin bincike da aka yi a Kaliforniya aka buga a 1983, kuma waɗanda suka biyo baya ba su zo da amsa ɗaya ba. Mushen kimiyyar rai da ya koya wa yara hanyar iska da safe ba zai iya tsayawa da yamma ya gaya musu akasin haka ba.

Abin da ya rage bayan an tace, ƙarami ne amma tabbatacce. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In ya rufe kafa ɗaya, hanyar ta ƙuntata, dole iskar ta shiga a hankali ta fita a hankali, kuma ba da wahala ba adadin yake sauka zuwa 5 ko 6. A irin wannan tafiya, musamman in fitarwa ta fi shaƙa tsawo, doguwar jijiyar nan da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da hanji tana rage bugun zuciya, jiki ya lafa. Gwaje-gwajen da aka yi, akasarinsu a Indiya, kan mutane kaɗan kuma na gajeren lokaci, suna nuna ɗan saukar bugun zuciya da na hawan jini. Raunin da yawansu shi ne ba su kwatanta dabarar da numfashi mai jinkiri ta kafofi biyu ba, don haka ba su raba amfanin sauyawa da amfanin jinkiri ba. Ni dai ga abin da na gani a wata ukun da na yi, minti 10 kowace safiya, ba tare da riƙewa ba. Da na zauna in yi numfashi a hankali kawai, hannuwana a cinya, ba na kai minti biyu sai tunanin takardun da ban gyara ba ya ɗauke ni. Da yatsu a hanci kuwa, ba ni da wannan damar. Sai na san wace kafa ce ke da aiki yanzu, wace ce ke jira, yaushe zan sauya. In na shagala nan take nake rikicewa, rikicewar kuma ita ke dawo da ni. Hikimar dabarar, a fahimtata, a nan take: ta ba hannu da hankali ƙaramin aikin da ya ishe su, bai yi musu yawa ba. Duk wanda ya taɓa ba yaro mai ƙiriniya allo ya riƙe don ya zauna wuri ɗaya ya san wannan. Barcina bai sauya ba, ciwon gwiwata na nan, amma nakan tashi daga zaman da natsuwar da ke kai ni har ƙarfe goma.

Saura ɗaya ɓangaren na ƙungiyar, masu cewa bauta ce. Ba su yi kuskure kan asali ba, kuma masu son kawo dabarar ba su kyauta ba da suka so a yi shiru a kai. An haife ta cikin wata aƙida, an ƙirga ta da kalmomin ibada, an nufi wata kuɓuta da ita. Malaman wasu ƙasashen Musulmi sun duba batun: majalisar fatawa ta Maleziya a 2008, da ta malaman Indunusiya a 2009, duka sun hana yogar da ke haɗe da karance-karancen ibadar Hindu, na Indunusiya kuma suka bambanta ta da wadda motsa jiki ce zalla. Hukunci na malamai ne, ba na mai sharhin littafi ba. Abin da zan iya ƙarawa tarihi ne, wanda na ga ba a cika saninsa a nan ba. Tun farkon ƙarni na 11 Albiruni ya fassara littafin Patanjali da larabci, yana bayyana abin da Indiyawa suka yarda da shi ba tare da ya ƙawata ko ya zaga ba. Daga baya wani littafin yoga ya shiga larabci da sunan Haudul Hayati, a ciki har da bayanin numfashin rana da na wata ta kafofin hanci, kuma a ƙarni na 16 Shehu Muhammad Gaus na Gwaliyor, babban shehin Shaɗɗariyya, ya mayar da shi farisanci. Masanin Amurka Carl Ernst, wanda ya bi sawun waɗannan rubuce-rubuce, ya nuna cewa Shehu Muhammad Sanusi, da ya rasu a 1859, ya kawo zancen yogi a littafinsa kan ɗariƙu 40. Wannan kuwa shi ne shehin da ɗariƙarsa ta kai Kawar da Abzin, wadda Kawusan ya yi yaƙin 1916 da 1917 a ƙarƙashin inuwarta. Ban ce an taɓa koyar da numfashin karɓa-karɓa a wata zawiya ta ƙasar nan ba. Na kawo wannan ne don a ga cewa magabata sun karanta, sun kira abu da sunansa, sun ɗauki abin da suka ɗauka sun bar abin da suka bari. Wasunsu ma sun yi nasu aron rigar, suka sanya wa kalmomin Sanskirit ma'anonin larabci, wanda ke nuna cutar ba ta Turawa kaɗai ba ce.

Da na mayar wa abokina littafinsa na ce masa: «Mushe, in za ku koyar, ku faɗa wa yara da iyayensu daga ina abin ya fito, da abin da masu shi suke nufi da shi. Kada ku ce yana ƙara basira ko yana buɗe ƙwaƙwalwa. Ku bar riƙe numfashi gaba ɗaya, wannan ba aikin aji ba ne, balle ga mai fuka ko ciwon zuciya ko hawan jini. Wanda ya ji jiri ya tsaya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da abin ba, ya ƙirga huɗu yana shaƙa, shida yana fitarwa, hannunsa a kan tebur, zai samu mafi yawan amfanin.» Ya yi dariya ya ce na rage wa maganin ƙarfi har ya koma ruwa. Sannan ya tuna mini da wani abin da babu littafi ko ɗaya cikin waɗannan da ya yi tanadinsa yadda ya kamata: daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙurar hunturu ke rufe Damagaram, rabin ajinsa da mura suke zuwa, kafa ɗaya ko duka biyun a toshe. Sun tsayar da shawara za su fara gwaji bayan hazo ya wuce, da ɗaliban da suka so kawai, a sa'ar da ba ta darasi ba.